Tafinta a Hawa na Huɗu

Asibitin yara, Birmingham, ranar Laraba,
ruwa na bin gilashin taga, ba shi da niyyar ɗaukewa.
Aikina baki ne:
in ɗauko abin da likita ta faɗa,
in haye da shi, in sauke a kunnen Malam Bawa
ba tare da ya zube a hanya ba.

Takardar shafi goma sha tara ce.
Ɗansa Jibo na kan gado, shekara tara,
idanu sun yi ruwan ɗorawa.
Sikila ke tauna ƙashinsa tun yana rarrafe.

Dakta Pennock ta ce: za mu ɗebi ƙwayoyin ɓargonsa,
mu gyara harafi guda cikin rubutun halittarsa,
mu mayar masa.
Na laluba, Hausa ba ta miƙo mini kalmar ba.
Na ce: gado. Abin da jini ke karɓa daga jini.
Ya ce: gadon da na ba shi ke nan?
Wannan ban fassara ba.

Shafi na bakwai.
Maganin share fage yana iya hana shi haihuwa.
Da Turanci ya wuce sumul,
da na faɗe shi da Hausa sai ya zama dutsen niƙa.
Malam Bawa ya shiga lanƙwasa yatsu.
Ban san me yake ƙirgawa ba,
jikokin da ba su zo ba
ko dararen da Jibo ya kwana yana cizon matashi.

Shafi na sha biyu.
Ragowar jinin za a adana a firji, babu suna, sai lamba,
don binciken da ba a ko yi mafarkinsa ba tukuna.
Wani kamfani na iya cin riba. Ku ba ku da kaso.
Ya yi 'yar dariya, gajeriya:
a garinmu ko akuya ka bayar kiwo
ana raba 'ya'ya.
Wannan na fassara, kalma kalma.
Likita ta dubi biron hannunta,
ta ce gaskiyarsa, ba ita ta rubuta ba.

Ta ce: ba dole.
Na ce: ba dole.
Sau uku takardar ta faɗa, sau uku na maimaita,
alhali kowa a ɗakin ya sani
wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Sai ya juyo gare ni.
'Yar nan, ke da kika iya bakinsu,
in da ɗanki ne?

Ƙa'idar aikina ta ce ni bututu ce,
ruwa ya wuce, kada in sha.
Na ce: Baba, ba a yarda in faɗa ba.
Ban ba shi labarin ƙanwata Lantana ba,
da muka binne a Azare tana sha ɗaya,
lokacin babu takarda, babu shafi,
babu wanda ya nemi izininmu kan komai.

Duk wannan, ba a tambayi mai jinin ba.
Shi da ya fi ni jin Turancin garin nan,
ya ji shafi na bakwai tun kafin in juya shi.
Ya ɗago, ya tambayi likita kai tsaye
ko bayan an gama zai iya buga ƙwallo cikin sanyi.
Uban ya dube ni. Na fassara masa ɗansa.

Bai sa hannu ba.
Ya ninke takardar biyu, ya cusa a aljihun kwat,
ya ce zai yi istihara, zai kira uwar yaron,
a ba shi zuwa Litinin.

Ni kuwa akwai layina a ƙasan fom:
na tabbatar na fassara komai daidai, ban rage ba, ban ƙara ba.
Na sa hannu.
Na sauka, na jira bas cikin ruwa,
lemata na can hawa na huɗu, jingine da gadon Jibo.